Hannu a Baya, Wuƙa a Kube

Abu na farko da gwanin likitan dabbobi yake yi idan an kira shi gida shi ne tsayawa. An gaisa, an nuna masa turke, sai ya ja daga nesa ya goya hannu a baya yana kallo. Mai rago kuwa hankalinsa a tashe yake, so yake ya ga an buɗe jaka an zaro allura, har a ransa yana zargin ko malalaci ya kira. Alhali rabin aikin a cikin waɗannan 'yan mintoci ake yin sa. Da zarar baƙo ya matso, dabba takan sauya: kunne ya miƙe, numfashi ya ƙaru, wadda take kwance ta zabura ta tashi tsaye. Tunkiya da akuya da saniya asalinsu abin farauta ne, kuma a garke mai nuna rauni kura take fara bi, don haka ɓoye ciwo ya zame musu ɗabi'a. Mai son ganin gaskiyar jikinsu sai ya gan su kafin su farga da shi.

Daga inda yake tsaye yana ƙirga numfashi a kwiɓi. Yana duba ko dabbar tana tuƙa, domin wadda take kwance tana tuƙa cikin natsuwa da wuya ciwonta ya yi nisa. Yana lura ko ta ware daga 'yan uwanta, ko ta sunkuyar da kai, ko bayanta ya yi doro, ko tana sauke nauyi daga ƙafa ɗaya. Sannan ya duba ƙasa. Kashin rago mai lafiya ƙwaya-ƙwaya yake fitowa. Idan ya dunƙule, ko ya tsinke ya ɓata wutsiya, labari ya fara fitowa tun ba a taɓa kowa ba. Ya leƙa komi ya ga ko an ci harawar jiya, ya leƙa bokitin ruwa, ya dubi damshin wurin ɗauri da ledojin da iska ta tara a gindin katanga.

A Suleja wannan ido yana da aiki fiye da na Katsina ko Sakkwato. Ruwa yana sauka tun wajen Afrilu har Oktoba, ciyawa tana yin tsawo, bakin rafuka akwai duhuwa, kuma irin wannan ƙasa ita ce gidan kaska da tsutsar ciki da ƙudan tsando mai kawo sammore. Zage-zagin da suka kafa garin a 1828 ƙarƙashin Abu Ja sun shigo da al'adar doki cikin ƙasar da ba ta raga wa doki. Yau kuma babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja ta ratsa gefen garin, tireloli cike da shanu da raguna suna wucewa dare da rana. Balami ko uda da ya tashi a busasshiyar ƙasa, ya sha wuyar mota, sai ya wayi gari a ɗaure cikin laima a Madalla ko Gauraka ko Kwamba. Ga ma'aikatan Abuja da suke kwana a nan, da yawansu da karnukan gadi irin na ƙasashen waje, ga rugagen Fulani a bayan gari, ga dawakin hawan Sallah. Likita ɗaya, a wuni ɗaya, yana iya duba duk waɗannan.

Bayan kallo sai tambaya, kuma a nan ake gane wanda ya daɗe a sana'ar. Kusan kowane mai dabba da jimla ɗaya yake farawa: “Likita, jiya lafiyarsa ƙalau.” Ba ƙarya yake nufi ba; jiya ne ya fara lura. Sabon likita zai ce, “Ka ba shi magani?” a ce masa a'a, ya yarda. Tsohon hannu kuwa cewa zai yi, “Alhaji, wanda ka ba shi shekaranjiya, fari ne ko ja?” Sai Alhaji ya yi murmushi ya aika a ɗauko kwalbar. Ya juya ya ce, “Hajiya, tuwon da ya kwana, shi kaɗai ya cinye?” Ya nemi yaron da yake ba da ruwa, domin mai gida ne ya biya kuɗin rago, amma yaro da uwar gida su ne suka san yaushe ya daina ci, yaushe rabonsa da fitsari.

Tambayar da ba ya mantawa ita ce ko an kawo sabuwar dabba gidan. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda aka fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942, haka take shiga gidaje. An sayo 'yar akuya mai araha a kasuwa, an sake ta cikin sauran, bayan mako guda sai zazzaɓi, majina ta toshe hanci, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya. Babu allurar da take kashe ƙwayarta, sai dai a tallafa wa jiki a kuma yaƙi cututtukan da suke hawa kanta. Rigakafinta kuwa allura ɗaya tana riƙe dabba shekara uku ko fiye. Abin da likita yake roƙo shi ne a ɗaure baƙuwar dabba ita kaɗai mako biyu zuwa uku, da kwanon ruwanta daban. Shawara ce ta kyauta, shi ya sa ba a cika ɗaukarta ba.

Sai yanzu hannu zai sauko daga baya. Ta gefe yake matsowa, yana magana ƙasa-ƙasa. Ba ya kama rago ta ƙaho, domin kama ƙaho gayyatar karo ce. Hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, gwiwa a kwiɓi, a jingina shi da bango. Ma'aunin zafi yake fara sawa a dubura kafin kokawa ta ɗaga zafin jiki, kuma yana karkata shi ya taɓa bangon hanji, kada ya nutse cikin kashi ya ba da lissafin banza. Kowace dabba da nata awo: tunkiya da akuya daga digiri 38.5 zuwa kusan 40, saniya 38 zuwa 39, kare ma wajen haka, doki 37.5 zuwa 38.5, kaza kuwa 41 lafiyarta ke nan. Ya san ragon da ya wuni a rana zai ɗan haura ba tare da ciwo ba. Ya kuma san zafin da ya faɗi ƙasa da ƙa'ida a jikin dabbar da take kwance ya fi zazzaɓi ban tsoro.

Daga nan sai ido, kuma ni a duk aikin babu inda yake burge ni irin nan. Da babban yatsa yake danna fatar ido ta sama, ya ja ta ƙasa, naman ciki ya bayyana. Idan ja ne mai haske, jini ya wadata. Idan ya koɗe ya koma fari, wani abu yana shan jinin. A damina, a jikin tunkiya ko akuya, mafi yawa wata siririyar tsutsa ce da take manne a cikin ciki tana tsotsa, kuma idan ta yi yawa har ƙarƙashin haɓa yakan kumbura da ruwa. Idan naman idon ya yi ruwan ɗorawa, hankalinsa zai koma kan hanta ko cututtukan da kaska take sawa a jini, sai ya tambayi launin fitsari. Idan saniya ce tana ci amma tana ramewa, ido yana hawaye, gashi ya tashi, sai ya lalubi gaban kafaɗa. Kaluluwa ta kumbura a nan, ya tambayi ko garken ya yi kiwo a bakin rafi, domin sammore ya shigo lissafi. Duk wannan a ƙasa da minti ɗaya.

A Afirka ta Kudu wani likita mai suna Faffa Malan ya mai da wannan duban ido kati mai launi biyar, daga ja zuwa fari, ana kiran sa FAMACHA, don makiyayi ya kara shi da idon tunkiyarsa. Hikimar ita ce a daina ɗura wa garke duka maganin tsutsa. A ba waɗanda idonsu ya koɗe kawai. Ɗura wa kowa, kowane wata, shi ne yake kashe tsutsa mai rauni ya bar mai taurin kai ta hayayyafa, har a wayi gari magani ya zama ruwa. Ya kamata a faɗa cewa dillalan kara da makiyayan ruga sun daɗe suna buɗe ido suna ɗaga leɓe tun kafin a buga wani kati. Dillali yana duba haƙoran gaba na ƙasa, tun da na sama babu su, ya gaya maka ko rago ya zubar da na nono ya haura shekara. Bafulatani yana gane saniyarsa ba ta jin daɗi daga yadda ta tashi da asuba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da makaranta ta ƙara, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom, shi ne sanin dalili, da sanin lokacin da ido ya kai iyakarsa sai a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji.

Tumbi a hagu yake. Likita yakan dunƙule hannu ya nutsa shi a ramin kwiɓin hagu, bayan haƙarƙari na ƙarshe, ya jira. A jikin dabba mai lafiya zai ji tumbi ya taso ya ture hannunsa sannan ya lafa, sau ɗaya ko biyu a minti. Idan shiru, injin ya tsaya. Idan wurin ya cika ya yi tauri da iska, kumburin ciki ne, kuma wannan ba ya jiran gobe, domin tumbi yana danne huhu har dabba ta shaƙe. Doki kuwa nasa daban ne: ba ya iya amai, don haka idan ciki ya murɗe masa sai ka ga yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen kwiɓinsa, yana neman birgima. Masu kula da barga sun san wannan alama, sun san a janye abinci a kira likita a daren.

Ragon layya shi ne majinyacin da ƙauna take kayarwa. An sayo shi da tsada, ana so ya cika ido ran Sallah, sai a tula masa dusa da gero da ragowar tuwo da shinkafa a rana ɗaya, alhali cikinsa ciyawa ya saba da ita. Hatsin ya yi tsami a tumbi, ragon ya kwanta, ya yi zawo mai wari, ƙafafu su yi zafi. Sauyin abinci a hankali ake yin sa, cikin mako biyu, kuma harawa ba ta yankewa. Akwai kuma wani ciwo da ya fi wannan yaudara. Ragon da aka daɗe ana turkawa da dusa zalla, ga ƙarancin ruwan sha, tsakuwa takan taru a mafitsararsa, ta gangaro ta toshe hanyar fitsari. Mai gida zai ga rago yana yunƙuri, yana miƙa jiki, yana kaɗa wutsiya, sai ya ce kashi ne ya ƙi fita, ya ɗura masa man gyaɗa. Likita kuwa ƙarƙashin ciki zai leƙa. Gashin bakin kaciya a bushe yake, ko da 'yan ƙwayoyin farin gishiri a manne. Ƙasan turke babu jiƙon fitsari. Sai a zaunar da ragon a kan gindinsa, a fito da gaban, a duba wani siririn zare da yake a ƙarshensa, inda tsakuwar ta fi maƙalewa. Sau da yawa datse wannan zare da almakashi shi ne yake buɗe hanya, fitsari ya tsarto, ragon ya sauke ajiyar zuciya. Idan aka yi kwana biyu ana ɗurin mai, mafitsara takan fashe a ciki.

Leda kuma ta zama cutar gari. Akuyar da take yawo a bola tana haɗiye ledar da aka ƙulle ƙosai ko alala saboda ƙamshin mai da gishiri, kuma tumbi ba ya narka ta. Shekara tana tafiya tana dunƙulewa da igiya da tsumma. Akuya ta rame, ciki ya yi girma, a yi ta ba ta maganin tsutsa a banza. Hannun da ya saba yana jin dunƙulen ta bangon ciki. Maganinta tiyata ce, a kashe zafin wurin, a tsaga kwiɓin hagu, a zaro, a ɗinke. Saniya ma a tsaye ake yi mata. Mahautan kwata sun fi kowa sanin yawan abin da suke fitarwa daga tumbi.

Duk wannan aikin hannu ne. Amma akwai ranar da gwaninta ita ce hana hannu, naka da na kowa.

A ƙasarmu idan dabba ta faɗi tana shure-shure, maganar farko da ake ji ita ce, “A kawo wuƙa!” Ba mugunta ba ce, tsoron mushe ne da tsoron asara. A yanka, a feɗe, a raba wa maƙwabta ko a sayar wa mahauci da rangwame. Idan karaya ce ko kumburin ciki, babu wanda zai cutu. Sai dai akwai cuta guda da wannan hanzari yake yi wa hidima, kuma Suleja ta taɓa ganin ta.

A tsakiyar watan Yulin 2023, makonni kaɗan bayan Babbar Sallah, aka kai rahoton dabbobi suna mutuwa farat ɗaya a wata gona da take Gajiri, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, a yankin Suleja. Gonar tana da shanu da tumaki da awaki, kuma an ga jini yana fita ta hanci da ido da kunne da dubura. Jami'an lafiyar dabbobi da na mutane, na tarayya da na jiha, suka je suka ɗebi samfuri, aka kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924. Ranar 17 ga wata Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta sanar cewa ciwon saifa ne, wanda kafofin yaɗa labarai suka riƙa kira antiraks, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da shi a Nijeriya cikin shekarun baya-bayan nan. Wata guda kafin nan gwamnati ta riga ta yi gargaɗi cewa cutar ta ɓulla a arewacin Gana, wajen iyaka da Burkina Faso da Togo, ta ce a yi hattara da ganda. Zancen gandar ne ya fi yawo a bakin mutane. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne cewa wani ya dubi waɗannan dabbobi, ya gane abin ya fi ƙarfin gona ɗaya, ya kai magana gaba.

Dalilin da ya sa likita ba ya buɗe irin wannan mushe yana cikin halin ƙwayar cutar. Muddin tana cikin jikin da ba a tsaga ba, ruɓewa tana kashe ta cikin 'yan kwanaki, musamman a zafi irin namu. Amma da zarar ta sha iska sai ta lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri ta kwanta a ƙasa, rana ba ta ƙona ta, fari ba ya kashe ta. Kamar irin ciyawa take, wanda yake kwance duk rani yana jiran ruwan farko, sai dai ita tana iya jiran shekaru gommai. Ambaliya ko haƙa ko zaizayar ƙasa ta fito da ita, saniya ta kiwata a wurin, a koma gidan jiya. A 1942 sojojin Birtaniya sun gwada ta a matsayin makami a wani tsibiri na Sikotland mai suna Gruinard, kuma sai a 1990, bayan an wanke ƙasar da magani, aka ce mutum yana iya takawa. Wanda ya feɗe irin wannan saniya a bayan gidansa ya shuka wa jikokinsa abin da ba su sani ba.

Don haka likita yana tsaye yana auna alamu. Jinin baƙi ne mai kauri kuma ba ya daskarewa. Mushen ya kumbura da wuri, bai sandare yadda ya kamata ba. Yana kuma tuna sauran abubuwan da suke kashewa farat ɗaya, domin ba kowace mutuwar gaggawa ce saifa ba. Harbin daji yakan bar kumburi a cinya ko kafaɗa, wanda idan ka danna za ka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Gyauron dawa da ɗanyen ɓawon rogo suna kisa cikin sa'a guda, amma jininsu ja ne jawur. Tsawa takan kayar da shanu da yawa a gindin itace ɗaya bayan hadari. Idan zarginsa ya tsaya a kan saifa, sai ya sa safar hannu, ya ɗebi ɗigon jini daga kunne, ya shafa a gilashi. Idan aka rina shi da shuɗin rini, bisa hanyar da John M'Fadyean ya bayyana a 1903, madubin likita yana nuna ƙwayoyin a jere, kowace da rigarta mai ja-ja. Ya toshe hanci da dubura da auduga mai magani, ya sa a rufe mushen don kare da ƙuda da ungulu, a tsare sauran garken kada ko ɗaya ta fita. Sannan a ƙona shi ƙurmus a inda ya faɗi, ko a binne shi a rami mai zurfin mita 2, nesa da rijiya da rafi.

A nan ma'aunin zafi yake sake amfani. Rigakafin saifa, wanda Max Sterne ya samar da irinsa a Afirka ta Kudu a shekarun 1930 kuma Vom take yin sa, ƙwaya ce mai rai da aka raunana, ana yin sa sau ɗaya a shekara. Idan aka haɗa shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta, allurar za ta kashe rigakafin. Saboda haka likita yakan bi garken ɗaya bayan ɗaya: mai zazzaɓi a yi mata magani yanzu, rigakafi daga baya, mai lafiya a yi mata rigakafi yau. Sannan ya tambayi wa ya taɓa, wa ya feɗe, wa ya ci. Mahauci da majemi da mai babbakar ganda su ne a gaba. A fatar mutum ƙurji ne mai ƙaiƙayi, ba ya cika zafi, tsakiyarsa ta yi baƙi, kuma yana jin magani idan an je asibiti da wuri. Wanda ya shiga ta ciki, ta hanyar nama, ya fi shi haɗari nesa.

Mafi wuyar aikin ba a makaranta ake koyon sa ba. Mutum ne a tsaye a kan saniyar da ita ce jarinsa, ga mahauci ya riga ya iso da wuƙa da kuɗi a aljihu. “Likita, ko fatar ba za a cire ba?” “Ko fatar, Baba.” Wanda ya iya faɗin wannan har a ji, ba tare da ya wulaƙanta mai asara ba, ya nemi mai unguwa ko ardo ya tsaya masa, ya zauna har wuta ta ci ta cinye don kada a tone da dare, shi ne ya kai gwani.

Irin wannan hana hannu yana da wani wuri, a bakin kare. Ana kiran likita a ce kare yana dalala, baki a sake, murya ta sauya, “ƙashi ne ya maƙale masa, Likita, na ma sa hannu ban same shi ba.” Jin wannan jimla kaɗai yakan sa gaban likita ya faɗi. Mutane sun san haukar kare mai cizo da gudu, amma akwai mai shiru, wadda muƙamuƙi yake shanyewa, kuma yawun duka biyun ɗaya ne. Saniya ma tana kamuwa, ta yi ta kuka da dalala, makiyayi ya zura hannu a maƙogwaronta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kaso mai yawa yara ne, kuma idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Kafin su bayyana kuwa ana tare ta sarai: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurai.

Karen da ya yi cizo, jama'a sanda suke nema. Likita kuwa sarƙa yake nema. Idan karen gida ne kuma ana iya tsare shi lafiya, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. Wanda cutar ta riga ta kai yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna ba. Idan ya cika su garau, hankalin kowa ya kwanta. Ba a jiran kwanakin kafin a fara wa wanda aka ciza allura, tare ake yi. Idan kuma dole ta sa an kashe karen, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa. Rigakafin kare daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara, kuma a ajiye katin.

Kyanwa ba ta cika zuwa gaban likita ba sai abu ya ɓaci, kuma sau da yawa tausayi ne ya ɓata shi. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Haka masu shafa wa kare fiya-fiya don kaska: ba a jima ba sai dalala da karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Likitan da ya shaƙi warin a gashi ba ya ɓata lokaci, wanka da sabulu da allurar karya dafin yake farawa da su.

Allurar da mai gida yake ta jira ita ce ta ƙarshe, kuma ko ita da lissafinta. Magani da nauyin jiki ake auna shi, ga shi babu sikeli a turke, sai a zagaya ƙirji da tef a bayan ƙafafun gaba, ko a dogara da idon da ya ɗaga ɗaruruwan raguna. A rage, ƙwayar cuta ta koyi jurewa. A ƙara, a yi kisa. Berenil da yake ceton saniya daga sammore, idan aka zarce da shi a jikin kare yakan taɓa ƙwaƙwalwa. A wuya ake so a yi allurar, ba a cinya ba, don cinya nama ce mai daraja kuma akwai jijiyar da idan aka soke ta ƙafa takan shanye. Ɗuri ma da ƙa'idarsa: ba a ɗaga kai sama, ba a riƙe harshe, ta gefen baki ake zubawa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba maganin ya bi ta huhu ya zama ajali.

Sannan kowane magani yana da kwanakin da yake ɗauka kafin ya fita daga nama da nono, kuma a jikin kwalba suke a rubuce. Allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira LA, wadda kowane mai kiwo ya sani, takan ɗauki kusan wata guda kafin naman ya dace da tukunya. Shi ya sa idan watan layya ya kama, likita kafin ya zuƙo magani sai ya tambayi saura kwana nawa Sallah. Idan lissafi bai kai ba, ko ya nemi wani mai saurin fita, ko ya gaya wa Alhaji cewa wannan ragon ya tsallake bana, a koma kasuwa a nemo wani.